Lofen Baba Ilu

A aljihun tsohuwar kwat na same shi,
ranar da muka buɗe akwatin Baba.
Lofe ne ja, mai kai kamar ƙwallon goruba,
ya yi sulɓi don shan hannu.

Ba itacen nan ba ne.
Ba maɗaci ba, ba kanya ba, ba marke ba.
Saiwa ce daga bakin wani teku mai nisa,
haka yakan ce in an tambaya,
wadda wuta ke kwana a cikinta ba ta ci ta ba.

Wani Kwara ya ba shi a Kantin Kwari
shekarar da ya rufe kanti ya koma gida
da albashin Baba na wata uku a jakarsa.
"Riƙe wannan, Ilu, kafin in dawo."
Baba ya riƙe.

Ɗan'azumi mai kayan tarihi a Kurmi
ya juya shi, ya shinshina, ya kau da kai.
"Zai yi kuɗi. Amma wa zai sayi wari?
Je ka wanko shi da ruwan khal.
Ciki kawai. Kada ka jiƙa bayansa,
kada ka shanya a rana."

Akwai bashin mai kemis a kanmu,
na maganin tarin da bai warke ba.
Na hau adaidaita zuwa Sabon Gari,
na dawo Gwammaja da 'yar kwalba.

Bayan la'asar, a soro, na shimfiɗa jarida.
Na murɗa bakin lofen, ya yi ƙas
kamar gwiwarsa in zai tashi daga tahiya.
Na kankare cikin da gindin cokali,
baƙin ya zubo kamar ƙanzon tukunya.
Sai gashin kaza, na tsoma a khal,
na zura ta bututu.

Na fari ya fito baƙi ƙirin.
Na biyu ma.
Ban san wanne ne daren da aka sallame shi daga masaƙar Bompai ba,
wanne ne daren sunana,
wanne ne hira kawai a dakali,
rediyo a cinya, sauro na shawagi.
Duk launinsu ɗaya.
Na bakwai ya fito kamar shayin da aka ƙara wa ruwa.

Na cusa auduga, na ɗiga khal, ɗigo, ɗigo,
na jingine shi a kofin shinkafa ya kwana.
Da safe audugar ta rine kamar haƙorin mai goro,
lofen kuwa fes,
sai gurbin haƙora biyu a gefen hagu,
inda ya koma cizo bayan na dama sun zube.
Wannan ya fi ƙarfin khal.

Inna ta fito da buta.
Shekara arba'in tana korar hayaƙin nan da mafici:
"Fita da shi waje, ka ɓata mini labule!"
Ta ajiye butar. Ta ɗauki lofen,
ta kai hanci, ta daɗe.
"Tsami," ta ce.
Ta sake shinshinawa.
"Ina ka kai shi?"

Ban ce komai ba.
Ita ma ba ta jira ba.
Ta duba bayan ƙyaure inda na ture jaridar,
ta tsuguna, ta tattara baƙin ƙanzon da gefen hannu,
ta ƙulle a haɓar zane
kusa da mukullin ɗakinta.

Ɗan'azumi bai yi ciniki da yawa ba.
Ya ƙirga, na ƙirga.
Na fito ta Jakara ina lissafi a ka,
sai dariya ta kama ni a tsakiyar 'yan kura:
Baba, Kwaranka ya biya.
Mai kemis ne zai karɓa.

Yatsuna sun kwana uku suna tsami.